Jitar lantarki marar nauyi za ta iya ɗaukar kowane irin kiɗa?

Tambaya: Ina kaɗa jita a bukukuwa, wani lokaci mu fara bayan la'asar mu kai tsakar dare. Jitar da nake riƙe da ita samfurin Les Paul ce, kafaɗata ta hagu har tsami take yi. Na so in sauya da marar nauyi, amma abokan kiɗa sun ce irin wannan kayan wasan yara ce, amonta siriri ne kuma ba ya daɗewa. Mu kuwa muna yin kiɗan Abzinawa, mu yi na Kwango, mu yi rege, wani lokaci har da rok. Marar nauyi za ta iya duk wannan?

Za ta iya, ƙanena, kuma abokan naka sun ɗora wa nauyi aikin da ba nasa ba. Abin da nauyin jita yake yanke wa hukunci shi ne awa nawa za ka iya tsayawa da ita a kafaɗa. Amo kuwa daga wasu wurare yake fitowa, kuma su ya kamata ka zuba wa ido idan ka shiga kasuwa.

Mu fara daidaita ma'auni, don kada mu yi ta cewa "nauyi" kowa da abin da yake nufi. Les Paul ta kamfanin Gibson yawanci tana tsakanin kilo 4 da kilo 4.5, wasu na shekarun 1970 har sun haura kilo 5. Stratocaster da Telecaster na Fender sukan faɗa tsakanin kilo 3.2 da 3.8. Gibson SG tana wajen kilo 3, sau da yawa ma ba ta kai ba. Akwai kuma 'yan zamani irin su Parker Fly da Strandberg da suke wasa tsakanin kilo 2 da 2.5. Ni idan na ce marar nauyi, ina nufin duk wadda ba ta wuce kilo 3.4 ba. Ka ga ke nan tsakanin taka da wadda kake nema bambancin wajen kilo ɗaya ne. A hannu, cikin shago, ba wani abu ba ne. A kan jijiyar kafaɗa ɗaya, daga la'asar zuwa sha biyun dare, kana rawa kana sunkuyawa, shi ne wannan tsamin da kake ji, kuma gajiyar ba a kafaɗa take tsayawa ba. Idan kafaɗar hagu ta ƙage, hannun da ke danna tsirkiya ma yana ƙagewa, yatsu su yi nauyi, ka fara makara a bugu.

Maganar da abokanka suke yi ba su suka ƙirƙiro ta ba, gadonta suka yi. A shekarun 1970 makaɗa da masu ƙera jita da yawa sun yi imani cewa nauyi shi ke sa amo ya daɗe. Aka riƙa sa jakin tagulla da sauran ƙarafa masu nauyi. Yamaha SG2000 da ta fito a 1976, wadda Carlos Santana ya riƙe, har da guntun tagulla aka binne a cikin katako ƙarƙashin jakinta. Stratocaster na ƙarshen wannan zamani ma da yawansu sun yi nauyin da ba a san su da shi ba. Amma ka duba abin da kamfanonin da kansu suka yi daga baya. Tun farkon shekarun 1980 Gibson ta fara huda ramuka tara a cikin katakon Les Paul kafin a manna murfin sama, don kawai a rage nauyi. Makaɗa suka yi shekaru suna saye suna yabon amon, da yawansu ba su ma san jitar tasu da ramuka a ciki ba. Fender kuma tun 1968 ta fito da Telecaster Thinline mai rarakakken ciki, saboda katakon ash marar nauyi ya fara wuyar samu.

Dalilin da ya sa hakan ya yiwu yana cikin yadda jitar lantarki take aiki. A gurmi ko garaya, ko kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, tsirkiya tana girgiza jaki, jaki ya girgiza fata, fata da ƙoƙon su tura iska zuwa kunnenka. A nan jikin kayan kiɗan shi ne muryarsa, ka sauya ƙoƙo ka sauya amo. Jitar lantarki mai toshasshen jiki an yi ta ne don ta guje wa wannan. Ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai fikof, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, zagaye wajen dubu 8 a irin na Stratocaster. Tsirkiyar ƙarfe tana motsi a gaban maganaɗisun, motsin ya haifar da 'yar wutar lantarki a cikin wayar, amfilifaya ta kumbura ta, lasifika ta fitar. Fikof ba ya jin katako, tsirkiya yake ji. Katako yana shiga maganar ne ta hanya ɗaya: yana iya satar ƙarfin tsirkiyar ya sa ta mutu da wuri. Kuma yawancin wannan satar a wuya take faruwa, domin wuya dogo ne siriri, yana lanƙwasa, gangar jiki kuwa faifan katako ne mai kauri da ba ya motsi sosai. Shi ya sa za ka tarar da jita mai wani gurbi ɗaya a wuya, wato inda ake danna tsirkiya tsakanin ƙarafan wuyan, inda sauti ke mutuwa nan take, alhali gurbin da ke kusa da shi lafiya lau. Ba a maganin wannan da ƙara kilo a gangar jiki.

Ban ce katako ba ya yin komai ba. Jita mai rarakakken ciki tana da wani laushi a farkon bugu, kuma mai kaɗawa yana jin girgizar a cikinsa da ƙirjinsa, wannan kuma yana sauya yadda yake taɓa tsirkiya. Amma idan aka jera abubuwan da ke gina amon da mutanen biki suke ji, lasifika da amfilifaya ne a gaba, sai irin fikof da inda aka dasa shi, sai tsirkiya da hannun mai kaɗawa. Nauyin katako can baya yake zuwa. Amo mai kauri da kake ji a jitarka ta yanzu, wanda kake tsoron rasawa, na fikof ɗinta ne mai naɗi biyu, wanda ake kira humbucker, da Seth Lover ya ƙirƙiro wa Gibson aka fara sa shi a Les Paul a 1957. Ka ɗauki wannan fikof ka dasa a faifan katako mai kilo 3, kaurin zai biyo shi. Ai abin da Gibson ta yi ke nan a 1961: ta ajiye tsohuwar siffar Les Paul, ta fito da siririya mai ƙaho biyu, kaurin jikinta wajen milimita 35, wadda daga baya aka raɗa wa suna SG. Da ita Tony Iommi na Black Sabbath ya kafa harsashin kiɗan metal, wato rok mai tsananin ƙara, da ita Angus Young na AC/DC yake tsalle-tsalle a dandali tun shekarun 1970. Sister Rosetta Tharpe kuma da farar irinta ta riƙa yin waƙoƙin coci. Duk wanda ya ce maka marar nauyi ba ta gurnani, ka kunna masa ɗaya daga cikin biyun farko.

To, mu zo kan kiɗan da kuke yi, na Abzinawa tukuna, don shi ne ya fi buƙatar bayani. Wannan salo, tun daga Tinariwen da marigayi Abdallah Oumbadougou har zuwa Bombino da Etran de L'Aïr masu kiɗan bukukuwan Agadas, an gina shi ne a kan abu biyu da ke tafiya tare. Babban yatsa yana ta bugun tsirkiya mai kauri a sake, tana ba da gunji ɗaya da ba ya yankewa, ɗan ali kuma yana zana waƙar a sirara. Hannun hagu yana yawan buga tsirkiya da fizge ta ba tare da hannun dama ya sake taɓawa ba, abin da ke ba kiɗan wannan karkarwa tasa. Irin wannan yana son amo tsararre wanda kowane sauti ke fita daban, don kada gunjin ƙasa ya haɗiye waƙar sama. Fikof mai naɗi ɗaya ya fi kowa iya wannan, shi ya sa siffar Stratocaster, mai irin wannan fikof, ta cika hannun makaɗan Sahara. Mdou Moctar, wanda ya naɗi faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, Stratocaster ta bahago yake riƙewa, kuma ka ji yadda yake tura ta har cikin rok mai ƙara a Afrique Victime na 2021. Jita ɗaya ce ta ɗauki sanyin kiɗan hamada da zafin rok.

Akwai wani abu a nan da masu shago ba za su gaya maka ba. Da yawan masu wannan kiɗa suna ɗaga tsirkiya ta shida, wato mafi kauri, daga sautin E zuwa G don su sami gunjin da suke so. Wannan ɗagawar tana ƙara wa tsirkiyar tauri da wajen kashi 40 cikin ɗari. Idan jakin jitarka irin mai sandar girgiza ne da ke lilo a kan sifirin, da zarar ka ɗaga ta shida jakin zai sunkuyo gaba, sauran biyar ɗin su sauka, sai ka sake bin su ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyar biki, kana son sauka daga na Abzinawa ka shiga rege, amarya da ƙawayenta suna jira, wannan ɓata lokaci ne. Maganinsa mai sauƙi ne: ka sa a buɗe murfin baya a ƙara sifirin su zama biyar a ɗaure su har jakin ya kwanta a kan katako, ko a cusa guntun katako a toshe shi gaba ɗaya. Ko kuma tun farko ka sayi mai kafaffen jaki. Sandar girgizar nan dai, a kiɗan da ka lissafa, da wuya ka taɓa ta.

Na Kwango kuma buƙatarsa a wuya take. Idan aka shiga seben, wato ɓangaren da kiɗa ke zafi ake rawa, mai solo yana can ƙasan wuya ne, daga gurbi na 12 zuwa wajen jikin jita, yana maimaita gajerun jimloli da sauri, amo wankakke da 'yar amsa-kuwwa. A nan ne Les Paul take wahalar da mutum: gefe ɗaya kawai aka yanke mata, kuma inda wuya ya haɗu da jiki akwai dunƙulen katako da ke tokare tafin hannu. Stratocaster da SG an yanke su ta gefe biyu, hannu yana shiga. A Stratocaster, ka sa makunnin zaɓen fikof a matsayi na 2 ko na 4, inda fikof biyu ke aiki tare, ka ji wannan amo mai kama da ƙararrawa. (Wannan makunni mai matsayi biyar sai a 1977 Fender ta fara sa shi. Kafin nan makaɗa da kansu suke maƙale mai matsayi uku a tsakiya don su sami amon.) Hailaif ma nan ya dosa. Ƙungiyar Tal National ta Yamai, da aka san ta da kiɗan awa biyar a dare ɗaya, tana gauraya salon Hausa da Zabarma da Fulani da Abzinawa, kuma jitarsu wankakkiya ce mai sauri. Wanda zai yi irin wannan tsayuwar bai ga ta jita mai kilo 4.5 ba.

Rege da fonk da afrobit ba sai na tsawaita ba. Aikin jita a cikinsu gajeren sara ne da ake kashewa nan take, daɗewar amo ma cikas ce. Nile Rodgers da Stratocaster mai kafaffen jaki, wadda aka sani da rashin nauyi, ya yi yawancin aikinsa. Ko jaz da ake ganin sai babbar jita mai ciki, Ed Bickert na Kanada da Telecaster ya yi shekaru yana yinsa: fikof na wajen wuya, a rage makunnin kaifi, a kaɗa a hankali.

Saura rok, kuma shi ne ya sa ba zan ce ka sayi mai fikof uku masu naɗi ɗaya zalla ba. Fikof mai naɗi ɗaya yana kwasar gurnanin wutar lantarki da ke yawo a wuri, daga janareta, daga fitilu, daga wayoyin da aka shimfiɗa barkatai. A wankakken amo ana iya jurewa. Da ka taka fedar ƙara ƙarfi, gurnanin ma sai ya kumbura tare da kiɗan, kuma kai ka san irin wutar da ake ja a filin biki. Humbucker an yi shi ne musamman don wannan: naɗinsa biyu suna fuskantar juna a juye, gurnanin ɗaya ya kashe na ɗayan. Saboda haka tsarin da nake ba irinku shawara shi ne wanda ake rubutawa HSS: humbucker a wajen jaki, masu naɗi ɗaya guda biyu a tsakiya da wajen wuya. Rok a matsayi na 1, Kwango da rege a na 4, na Abzinawa a na 4 ko na 5 gwargwadon kunnenka. Yamaha Pacifica 112 haka take, Squier da Cort da Ibanez duk suna da irinta, kuma ba su kai kuɗin manyan ba. Idan an sami wadda ake iya raba humbucker ɗinta ya koma naɗi ɗaya ta hanyar jan makunni, to ƙari ne, sai dai rababben ba ya kai na asali daɗi.

Yanzu inda marar nauyi take da matsala, don akwai. Babbar ita ce rinjaye. Idan aka rage katakon jiki, wuya da kai da kunnuwan ɗaure tsirkiya suna nan da nauyinsu, sai jitar ta riƙa sunkuyar da kai ƙasa duk lokacin da ka sake ta. SG ta yi suna a wannan, saboda maɓallin maratayinta a bayan gindin wuya yake. Stratocaster kuwa ƙahonta na sama ya miƙe har daidai gurbi na 12, maratayi yana kama ta kusa da tsakiya, shi ya sa take zama inda ka ajiye ta. Kada ka raina wannan. Jita mai kilo 2.8 da ke sunkuyawa ta fi mai kilo 3.5 da ke zaune daidai gajiyarwa, domin hannun hagunka zai koma ɗan dako, yana tallafe wuya yana kuma danna tsirkiya. Ciwon sai ya tashi daga kafaɗa ya sauka a wuyan hannu, wanda ya fi muni ga makaɗi. Maratayin fata mai faɗin santimita 7 ko 8, wanda cikinsa ke da kaushi yana kama riga, yana rage matsalar sosai, kuma duk badukun kirki zai ɗinka maka shi.

Masu rarakakken ciki, musamman masu huda a fuska, suna da tasu. Idan kana tsaye kusa da manyan lasifiku, iskar da ke fitowa tana girgiza jikin jitar, jikin ya girgiza tsirkiya, sai ihu ya tashi. Irin su ES-335, da Gibson ta fitar a 1958, an ratsa musu gungumen katako a tsakiya don a rage wannan, amma ka sani gungumen ya mayar da nauyin, ba su fi Stratocaster sauƙi ba. Kuma siririn katakon fuska bai son faɗuwa daga bayan babur.

Sai maganar irin katakon. Ba kowane rashin nauyi ne na alheri ba. Alder da ash na fadama, waɗanda Fender ta saba da su, suna da sauƙi kuma suna riƙe sukurori. Basswood, da Ibanez ke yawan amfani da shi, yana da sauƙi amma da laushi, yana lotsawa. Paulownia ya fi su duka sauƙi, shi ake sa wa jitoci masu araha da yawa, kuma a nan ne za ka ga sukurun maratayi ko na jaki ya kwance ya bar rami. Ana gyara shi da tsinken katako da gam, amma gara ka duba tun a shago. Wani abin sha'awa, wasu katakan da ake ji da su a wannan sana'a daga yankinmu suke tafiya. Wanda Gibson ta kira korina ta ƙera Flying V da Explorer da shi a 1958, shi ne afara da ke kudancin Najeriya. Obeche, da ake kira wawa a Gana, yana cikin marasa nauyin da ake yin jikin jita da su. Mahoganin Afirka da ke cikin jitoci da yawa a yau kuwa ɗan'uwan maɗacinmu ne. Kuma ko a itace iri ɗaya nauyi yana bambanta, har ka sami jita biyu samfuri ɗaya, launi ɗaya, tsakaninsu rabin kilo. Don haka kada ka dogara da abin da aka rubuta a intanet, ka tafi da ɗan ma'aunin rataye irin na awon kaya ka auna wadda za ka biya kuɗinta.

Su Parker Fly da marasa kai irin Steinberger da Strandberg fa? Aikin injiniya ne mai kyau. Parker, da ta fito a 1993, siririn katako ne aka lulluɓe bayansa da zaren kabon da na gilashi don ya yi ƙarfi, kuma Joni Mitchell ta riƙe ta. Amma an daina ƙera ta, ƙarafan wuyanta manna su aka yi da gam, idan ɗaya ya ɓalle ba kowane mai gyara zai iya mayarwa ba. Steinberger kuma tsirkiyarta ta musamman ce mai ƙulli a kai biyu. Makaɗin biki yana buƙatar jitar da idan tsirkiya ta tsinke ranar Juma'a zai sami madadinta kafin Asabar. Ban ba ka shawararsu ba.

Akwai abin da ya fi nauyi tasiri a kan sauƙin kaɗawa, kuma mutane ba su cika kula da shi ba: tsawon tsirkiya da kaurinta. Daga jaki zuwa kai, Fender tana da inci 25.5, Gibson inci 24.75. Doguwar tsirkiya tana buƙatar ƙarin ɗauri kafin ta kai sauti ɗaya, shi ya sa idan ka tashi daga Les Paul ka koma Stratocaster da tsirkiya iri ɗaya za ka ji ta fi tauri a yatsa, gurabun farko ma sun fi faɗi. Kada wannan ya firgita ka. Idan kana amfani da saitin tsirkiya mai lambar kauri 10 zuwa 46, ka sauko 9 zuwa 42. Jimillar ɗaurin da ke kan wuya zai sauka daga wajen kilo 46 zuwa ƙasa da kilo 40, yatsunka za su ji bambancin nan take, ga kuma ta shidan da za ka riƙa ɗagawa zuwa G ba za ta yi tauri fiye da kima ba. Masu cewa siririyar tsirkiya ba ta da amo, dangin masu maganar nauyi ne. Billy Gibbons na ZZ Top da lamba 7 yake kaɗawa, Iommi ma sirara yake sawa saboda kan yatsunsa biyu da inji ya yanke tun yana saurayi.

Bayan tsirkiya sai saiti. A gurbi na 12, tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfen wuya ta kasance wajen milimita 1.6 a siririya, milimita 2 a mai kauri. Idan ta fi haka sosai, kowace jita za ta zama azaba komai rashin nauyinta. Ka kuma duba tsayin fikof. Masu naɗi ɗaya maganaɗisunsu yana da ƙarfi, idan aka ɗaga su suka matso tsirkiya sai su riƙa janta, amo ya mutu da wuri, sauti ya riƙa rawa kamar ba a ɗaure daidai ba. Sau da yawa jitar da aka ce ba ta riƙe amo, juyi biyu na sukurdireba a kan fikof take buƙata.

Idan ka je saye, gani ya kori ji. Ka rataya ta a tsaye da maratayi, ka saki hannu biyu ka ga ko kai zai sunkuya. Ka bi wuya gurbi-gurbi ba tare da an jona ta ba, kana sauraron inda sauti ke mutuwa ko yake zizar ƙarfe. Ka shafa gefen wuya da tafin hannu ka ji ko bakin ƙarafan yana yanka. Ka riƙe jiki ka ɗan girgiza wuyan, idan yana motsi a mazauninsa to sukurorin sun saki ko ramin ya yi faɗi. Sannan a jona ta, ka murɗa kowane makunni ka ji ko yana ƙarar yashi. Idan ka ga an rubuta Fender ko Gibson a kai, kuɗin kuma bai kai na waya mai kyau ba, jabu ce. Squier ko Yamaha ta gaskiya, ko da ta hannu ce, ta fi ta nesa ba kusa ba.

Wani abu kuma da ya shafi yanayinmu. Katako yana shan danshi yana kuma fitarwa. Da hunturu, iska ta bushe, allon wuya yana tsukewa, bakin ƙarafa ya leƙo waje, wuyan ya sauya lanƙwasa. Da damina ya koma wata siffar. Siririn wuya, irin wanda ake yawan sa wa marasa nauyi, ya fi saurin nuna wannan. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake murɗawa don a daidaita shi, kuma al'ada ce a taɓa ta sau biyu a shekara, farkon hunturu da farkon damina. Ka danna tsirkiya ta shida a gurbin farko da na ƙarshe lokaci ɗaya, ka duba tsakiya: tazarar ta zama kamar kaurin katin waya na takarda, wajen rubu'in milimita. Idan ta fi haka a ɗaure sandar, idan babu tazara sam a sassauta. Kada ka wuce rubu'in juyi a lokaci ɗaya, ka bar ta ta kwana kafin ka ƙara. Idan ka ji sandar ta cije ta ƙi juyawa, ka tsaya nan ka kai wa mai gyara, domin idan ta karye sau da yawa sai an ɓamɓare allon wuyan gaba ɗaya kafin a kai gare ta.